Turke Mai Inuwa

Shekara bakwai aka yi akuya ba ta kwana a gidana ba. Ni Lauratu, da aka kawo ni gidan nan na Gumel da awaki uku suna biye da kayan ɗakina, na wayi gari ba ni da ko kaza. Ba annoba ce ta kwashe su ba, ba kuma ɓarawo ba. Wata ciyawa ce ta kore su.

Maigidana Malam Ɗalha direba ne a da. Aikinsa na ƙarshe kafin ya ajiye tuƙi shi ne jigilar wani injiniya ɗan China da ya zo gina rumbunan ajiya a Maigatari. Shekara biyu yana kai shi yana komowa da shi. Ranar da mutumin zai koma ƙasarsu na share tsakar gida da wuri, don na san ba za a rabu hannu rabbana ba. Sai ga Malam ya shigo rungume da gwangwanin fenti, da wani ɗan tsiro a ciki siriri kamar igiyar guga. Ya ce sunanta wistiriya. Ya nuna min hoto a waya, wata bishiya ce gajeriya mai kai kamar laima, fure shunayya yana reto a ko'ina a jikinta.

Na ce, "Ana miya da ganyen?"

Ya ce a'a.

"'Ya'yan fa?"

"Guba ne, Injiniya ya ce ko kusa kada a kai baki."

"To maganin me take yi?"

"Ba ta magani."

Na ce, "Malam, to me take yi?"

Ya ce, "Kallo ake yi."

Kwana uku da zuwanta farar akuyata ta leƙa gwangwanin, shinshinawa kawai ta yi. Ranar Alhamis Malam ya loda su duka ya kai kasuwar Maigatari. Ban ce komai ba, kuma har yau shirun nan yana ci min rai fiye da awakin. Da ya dawo ya tumɓuke turkensu, ya kawo wani bututun ƙarfe mai tsawon mutum ya kafa a daidai ramin, ya dasa abar a gindinsa. Wai duk gidan nan babu inda ƙasa ta kai wurin kyau. To ina za ta ƙi kyau, shekara ashirin da huɗu awakina suna zuba mata taki.

Abin da ya kamata a sani shi ne wistiriya ba bishiya ba ce. Yaɗo take yi, 'yar uwar soso ce da kabewa, a bar ta ta kama katanga ta hau abinta shi ne halinta. Malam kuwa ya rantse sai ta tsaya da ƙafarta kamar ta hoton. Ya zaɓi reshe ɗaya da ya fi ƙarfi ya miƙar da shi a jikin ƙarfen, ya bi shi da ɗauri, kowane taƙi ɗaya ƙulli ɗaya. Duk tohon da ya leƙo ta gefe, ko ya ɓullo daga saiwa, kafin ya kwana biyu an datse shi. Sai da ta kai masa ƙirji sannan ya guntule kanta, ya bar rassa biyar su buɗe su yi laimar. Su ma ba su huta ba, sau biyu a shekara yake bin su da almakashi yana rage su. Mutumin da bai taɓa sanin inda ake ajiye tsintsiya ba, sai ga shi da almakashi uku, kowanne da aikinsa.

Ɗaurin kuma ba a yi da igiya ko waya, wai suna cin ɓawo. Sai tsumma mai laushi, kuma bayan wata biyu a sake sabo. Da tsummokaran gidan suka ƙare sai aka shiga zannuwana. Ina shanya zane in dawo in tarar an yage masa baki. Bara kuwa hannunsa ya kai har ƙasan akwatina, ya ɗauko zanen marigayiya Innata, wata tsohuwar atamfa mai ruwan goro da na ajiye ina jin ƙanshinta, ya tsattsaga. Da na yi magana ya ce ai ya ga ba na ɗaurawa, kuma duk gidan babu mai laushinsa. Na shiga ɗaki na yi kukana na fito na ɗora tukunya.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan randar jiƙo. Wata tsohuwar randata ya ja bayan madafi, yana zuba mata kashin kaji da ruwan wankin kifi da jinin da yake roƙowa a mahauta, ya rufe da faifai sai ya yi mako biyu. Ranar buɗewa maƙwabta sukan kwashe shanyarsu. Na sha ganin tsutsotsi farare suna iyo a sama, shi kuwa ya sa moɗa ya ɗebo yana murmushi, ya durƙusa yana zuba wa abar a hankali kamar mai ba jariri ruwa. Ƙudaje suka mayar da gidana gidansu. Tuwo kansa sai na riƙa jin warin a jikinsa. 'Ya'yanmu da suka yi aure in sun kawo ziyara ba sa daɗewa, jikoki kuma an hana su gudu a tsakar gida.

Shekara biyar ana wannan ƙazanta, ganye sai ka ce hauka, fure ko ɗaya babu. Rannan ya dawo daga wajen wani malamin gona ya zauna a kan tabarma ya ce min, ko kunya babu, ashe jiƙon ne yake hana ta fure, taki ya yi mata yawa. Na dube shi na dubi randar. Shekara biyar ina haɗiyar ɗoyi ashe ma ɓarna ake yi. Daga nan aka koma toka da ƙonannen ƙashi, kuma a turmina ake daka ƙashin, turmin da nake daka fura. Aka kuma gano cewa a ƙasarsu sanyi ne yake sa ta fure, don haka da sanyi ya shigo, lokacin da mutane suke jin ɗumi, sai ka ga Malam Ɗalha ya goyo ƙanƙara a bayan babur yana jera mata a gindi. Mutanen unguwa har sun gaji da dariya sun koma gaishe shi da aiki.

Ni dai na ƙi jinin ciyawar nan, ba na ɓoyewa. Ko inuwarta ba na bari ta taɓa ni.

Ana nan, a farkon shekarar nan na je ta'aziyya Gagarawa, na haɗu da Mairo. Mairo Bafulatana ce, ƙawata tun muna 'yan mata, lokacin da take kawo nono ƙofar gidanmu. Sun daɗe a wajen Damagaram da shanunsu, bana suka dawo rugarsu ta kusa da Sule Tankarkar. Rabonta da gidana ya fi shekara takwas. Muka keɓe gefe muna ta tambayar bayan rabuwa, har ta zo kan awaki.

Ta ce, "Ina farar nan taki mai haihuwar tagwaye? Yanzu ai garke ne."

Na ce, "Sun ƙare, Mairo."

Ta ce, "Duka?"

Na ce duka. Ban faɗa mata dalili ba. Da wane baki zan ce wa mai shanu an kori awakina saboda fure? Wannan ɓoyon laifina ne, na yarda.

Mairo ta dube ni ta ce, "Mace a gida ba dabba, ai wannan zaman makoki ne. Zan yi miki haɓɓanaye."

Na san kalmar amma ban san zurfinta ba sai da ta warware min. Ta ce a bakinsu ma'anarta an ɗaure maka. Mai dabba zai kawo mace ya ɗaure a gidan ɗan uwansa da ya rasa, ta zauna ta haihu, 'ya'yan na mai riƙo ne, uwar kuma a mayar da ita in lokaci ya yi. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a wulaƙanta ta. Wanda aka yi wa kuma ba ya cewa a'a, don ƙin karɓa daidai yake da cewa ba ka son zumuncin. Ta ce tana da wata ja mai ciki, ita za ta kawo min, kuma a gidansu ba a aikowa da ita, mai bayarwa ce take ɗaurewa da hannunta.

A mota ina komowa ina murna ina tsoro. Na san dokar gidana. Washegari na shiga wajen maƙwabciyata Murja muka shirya cewa akuyar za ta zauna a garkenta, ni zan riƙa kai dusa da harawa. Muka yi waya da Mairo aka tsayar da ranar Asabar. Niyyata in tare ta a bakin titi in wuce da ita gidan Murja, in ya so a can in yi mata bayanin da na kasa yi a Gagarawa.

A makon ne kuma abar ta ga damar yin fure.

Zangarniya uku ta fitar, suna reto ƙasa daga cikin laimar, kowacce kamar tsawon tafin hannu. Ba su gama buɗewa ba, amma launin ya fara nunawa a bakinsu. Malam ya daina fita majalisa. Ya ajiye kujera a gabanta, a nan yake cin abinci, a nan yake jan carbi. Ya lissafa ya ce ranar Lahadi za su buɗe gaba ɗaya, ya gayyato tsofaffin abokansa direbobi, ya kai babbar rigarsa guga don hoton da zai aika wa Injiniya. Injiniyan da shekara huɗu ke nan bai amsa masa saƙo ko ɗaya ba. Gaskiya ni ma na saci kallo sau ɗaya da ya shiga wanka, kuma ba laifi, abin yana da kyau. Amma kyan bai kai randa ɗaya ta jiƙo ba.

Ranar Juma'a Malam ya tafi masallaci da ƙyar, yana waiwaye. Ya ja ƙyauren langa-langan da ya sa a bakin zaure saboda awakin unguwa, ya maƙala ƙugiyarsa. Ni kuma na ɗauki kwanon gero na tafi injin niƙa, na tarar da layi. Ban fi awa ɗaya da rabi ba.

Da na dawo na ga ƙyauren a buɗe. Na shiga na tarar da Mairo zaune a kan tabarmata ta miƙe ƙafa, ƙwaryarta a gefe. Ashe mota ta samu ta wani ɗan uwansu mai zuwa Gumel, ta ga ba sai ta jira Asabar ba. A tsakiyar gida kuwa ga jar akuya, kyakkyawa mai sheƙi, cikinta ya fito, an ɗaure ta da sabuwar igiya a gindin ƙarfen Malam. Ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta dafa na gaba a jikin bishiyar, tana tauna a natse. Rani ne, dabbar ta yi wata da watanni ba ta ga ɗanyen ganye ba. Zangarniya biyu sun riga sun tafi. Ta ukun tana bakinta, ina tsaye da kwano a ka ta ƙarasa zuƙe ta. Ƙasan laimar ya zama tsirara, kuma ta ɗaye ɓawon jikin ta gefe ɗaya har farin itacen ya fito.

Mairo ta taso ta rungume ni. Ta ce, "Ƙawata, kin ba ni kunya. Na shigo na ce bari in duba inda turkenki yake a da, sai na tarar har kin sa an kafa na ƙarfe, an kuma shuka masa inuwa da abin taɓawa. Mu da muke cikin dabbobi ma ba mu taɓa yi wa akuya irin wannan gata ba."

Ta ina za ta sani? Duk ƙasar nan, daga nan har Damagaram, in ka ga an kafa abu a tsakar gida ai na ɗaure dabba ne. Na sauke kwanon na je na janye akuyar, ina cikin kwance igiyar, sai na ji sallamar Malam.

Ya tsaya a bakin zaure da darduma a kafaɗa. Bai dubi kowa ba sai bishiyar. Mairo ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi iyali da gajiya, yana amsawa kamar daga cikin rijiya. Sannan ta ce, "Malam, Allah ya saka da alheri da wannan turke. Na ɗaure wa Lauratu 'yar akuya, amana ce a hannunku. Allah ya sa ta cika muku gida."

Malam ya ce, "Amin."

Na ba ta ruwa da abinci, ta ci a gurguje saboda mai motar yana jira. Duk tsawon lokacin Malam yana zaune a kujerarsa bai motsa ba. Na raka ta bakin titi, ta riƙe hannuna ta ce in kula da akuyar, jikar wadda mahaifiyarta ta ba ta ce ranar da aka kai ta ɗaki. Na ce in Allah ya yarda.

Abin da na dawo na tarar ba zan manta da shi ba. Malam ya durƙusa a ƙasa da farar rigarsa ta Juma'a, ya matse wuyan akuyar a hammatarsa, ya tura yatsunsa cikin bakinta yana yaƙuto abin da ya maƙale a dasashinta. Tana kuka tana shure-shure, yawu kore yana bin hannunsa har gwiwar hannu. Ya samo wani ɗan guntun fure da aka tauna, ya shimfiɗa shi a tafin hannunsa, ya gyara shi da farce. Sannan ya ciro waya da ɗaya hannun ya ɗauke shi hoto. Da tausayi ya zo min sai ƙyama ta riga shi, don mutumin nan ko ɗigon majinar jikansa bai taɓa sharewa ba.

Na ƙwace igiyar na kai ta bayan madafi, inda randar jiƙo take a da, na ɗaure ta a jikin turmi. Gidan Murja ya fita daga lissafi, don kafin la'asar akuyar ta fara dalala. Can sai zawo, kore shar, mai warin da ya tuna min da shekarun baya. Ta kwanta ta miƙe wuya tana nishi. Sai na tuna maganar guba. Murja ta ba ni lambar wani malamin dabbobi, na kira shi na yi masa bayani, sunan ciyawar ma sai da na maimaita sau uku bai gane ba. Ya ce in daka gawayi in dama da ruwa in ɗura mata, in bi da ɗan man gyaɗa, in ta kai safe in kawo ta ya duba cikin.

Haka na yi. Na zauna a cikin ƙazantar ina ɗaga kanta ina ɗura mata da ludayi, ina share mata gindi da tsumma, ina shafa cikin ina jin abin da ke ciki yana motsi. Ban ji ƙyamar wannan ba ko kaɗan. Malam bai leƙo ba, bai kuma ci tuwon da na ajiye masa ba. Yana can yana shafa wa raunin bishiyar taɓo.

Da gari ya waye na tarar da ita a tsaye. Ƙafafunta suna rawa amma a tsaye take, har ta sa baki a dusa ta ɗan lasa. Na yi hamdala, na shiga ɗaki na ɗauko mayafi don mu tafi wajen malamin dabbobi. Ina fitowa na ji ƙarar wasa wuƙa.

Malam ne tsugune a bakin dutsen wanki yana wasa babbar wuƙar layya. Ya riga ya kwanto akuyar ya kawo ta tsakar gida, ya take igiyar da ƙafarsa. A gefen bishiyar kuma ya haƙa rami sabo, mai zurfin kamu ɗaya.

Na ce, "Malam, me za a yanka?"

Bai ɗago ba ya ce, "Ta ci guba. Gara a yanka ta kafin ta mutu mushe a yi asarar nama."

"Ta tashi ai. Ga ta nan a tsaye, har ta ci dusa."

"Tashin mutuwa ne. Na fi ki sanin dabba."

Na ce, "Ramin fa, na mene ne?"

Ya gwada kaifin wuƙar a babban yatsansa. Ya ce, "Tumbin zan binne a nan. Furena yana cikinta. Abin da ta ci ya koma inda ya fito."

Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban taɓa kallonsa na ji abin da na ji a lokacin ba. Wato zai farke cikin dabba mai juna biyu, amanar mutane, ya kwashe abin da ke tumbinta ya ciyar da ciyawa. Na ji kamar in tofar da yawu.

Na ce, "Malam, ka ji da kunnenka abin da Mairo ta ce. Ba tawa ba ce, ba taka ba ce. Haɓɓanaye ba a yanka ta. In ka sa mata wuƙa, da wace fuska zan je rugarsu?"

Ya ce, "A saya mata wata a Maigatari ranar Alhamis. Akuya ai akuya ce."

"Fure ma fure ne, baɗi ta yi wani."

Sai a nan ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Shekara bakwai, Lauratu."

Na ce, "Na sani. Ina nan aka yi su."

Ya miƙe ya kama ƙahon akuyar ya fara juya ta gabas. Ni ba zan iya kokawa da namiji mai wuƙa a hannu ba, kuma ko zan iya, ba tarbiyyata ba ce. Ihu in tara maƙwabta ma kafin su shigo an gama. Na duba hagu na duba dama, sai idona ya sauka a kan ƙullin nan masu ruwan goro da suke jere a jikin ƙarfen tun daga ƙasa har sama.

Na taka na je gindin bishiyar, karo na farko da na shiga inuwarta da ƙafata. Na durƙusa na kwance ƙullin ƙasa. Na kwance na biyu. Ɗaurin Malam ba ya wuyar kwancewa, don kullum yana yi ne da tunanin sakewa.

Ya ce, "Me kike yi a nan?"

Na ce, "Zanen Innata nake kwashewa."

"Ki bar wurin nan."

"Kai ka ce ta zama bishiya, ta tsaya da ƙafarta. Tun bara kake faɗa wa mutane. To ta tsaya mana."

Na kwance na uku da na huɗu, ina saƙala kowanne a kafaɗata. Na ji jikin abar ya fara rabuwa da ƙarfen. Malam yana riƙe da ƙaho a hannu ɗaya, wuƙa a ɗaya, ya rasa wanda zai saki. Ya kira sunana sau biyu, na biyun da wata murya da ban san yana da ita ba. Na miƙe tsaye na kai hannu ga na ƙarshe, wanda yake riƙe da wuyanta a ƙarƙashin laimar, na ja bakinsa.

Ta ɗan tsaya jim kamar za ta ba ni kunya. Sai kan ya rinjayi jikin, ta fara sunkuyowa ta gefen da akuyar ta ɗaye, a hankali, har na ji itacen ya yi ƙara a wurin raunin. Wuƙar ta faɗi a ƙasa. Kafin in juya Malam ya iso, ya tallabe laimar da hannu biyu ya ɗaga ta sama, ya tokare jikin da ƙirjinsa. Ganye ya rufe masa fuska, hularsa ta karkace.

Ya ce, "Kawo igiya. Yi sauri, za ta karye."

Na ce, "Igiya ɗaya ce a gidan nan, kuma tana wuyan akuya."

"To miƙo tsumman."

"Ba tsumma ba ne."

Na sunkuya na ɗauki wuƙar na kai madafi na sa a ƙasan tukwane. Na dawo na ninke guntayen zanen guda biyar na ƙulle su a bakin mayafina. Akuyar tana tsaye inda ya sake ta, tana kallon ganyen da ya sauko kusa, na ja ta kafin ta sake jawo mana wata. Malam ya gwada sakin hannu ɗaya don ya laluba aljihu, itacen ya sake yin ƙara, ya mayar da sauri.

Ya ce, "Lauratu, ba zan iya sakinta ba."

Na ce, "Na sani, Malam. Sai mun dawo."

A bakin zaure na waiwaya. Rana ta fara hawa, ramin da ya haƙa yana nan buɗe ba komai a ciki. Ga turke biyu a tsakar gidana, ɗaya na ƙarfe, ɗaya da hula. Na ja ƙyauren na maƙala ƙugiyar saboda awakin unguwa, muka kama hanya ni da ita a hankali, don ƙafafunta ba su gama ƙwari ba.